Mai Saurare ko Mai Tsikari: Zaɓen Na'urar Horar da Tsoka Bayan Raunin Laka

Da zarar an sallamo mai raunin laka daga asibiti, hankalin 'yan uwa yakan koma kan na'ura. Wannan ya ce ya ga wadda ake liƙa wa ƙafa ta riƙa motsi da kanta, wancan ya turo bidiyon wani majiyyaci da ya ƙura wa allo ido yana ƙoƙarin ɗaga wani layi sama. A ido kusan ɗaya suke: ɗan akwati, wayoyi, da 'yan faya-fayen da ake mannawa a fata. A aiki kuwa sun yi hannun riga. Ta farko, wato bayofidbak ta EMG, saurare kawai take yi. Tana ɗauko 'yar wutar da tsoka ke fitarwa da kanta idan mutum ya yi niyyar motsa ta, ta ƙara mata girma, ta nuna masa a allo ko ta mayar da ita ƙara a kunnensa. Ba ta saka wa jiki komai. Ta biyu, wadda ake rubuta wa NMES ko FES, ita ce ke tura wutar lantarki ta cikin fata zuwa jijiya, tsoka ta ɗame ko mai jikin ya so ko bai so ba. Don sauƙin magana, mu kira su mai saurare da mai tsikari.

Tambayoyi biyu ne ke yanke zaɓin, kuma dukansu a jikin majiyyaci ake duba amsarsu, tsoka ɗaya bayan ɗaya. Shin saƙon ƙwaƙwalwa yana tsallake wurin raunin ya isa wannan tsokar, ko da kaɗan ne? Sannan jijiyar da ta taso daga laka zuwa tsokar, tana raye?

Takardar da ya kamata ta riga kuɗi fita

Likitan gashin ƙashi yana auna ƙarfin kowace tsoka da maki daga 0 zuwa 5. Maki 0 babu komai. Maki 1 ana gani ko a ji ɗan wutsil a ƙarƙashin yatsa, amma gaɓa ba ta gusa ba. Maki 2 gaɓa tana motsawa iyakarta idan an ɗauke mata nauyi, kamar hannun da aka shimfiɗa a kan tebur. Maki 3 tana ɗaga nauyin kanta. Maki 4 tana ture hannun mai gwaji. Maki 5 lafiya lau. Akwai tsokoki goma a kowane ɓarin jiki da ake ɗauka a matsayin shaidun matakan laka (C matakan wuya ne, T na gadon baya, L na ƙugu, S na can ƙasa, ana ƙirgawa daga sama): mai lanƙwasa gwiwar hannu ta C5 ce, mai ɗaga wuyan hannu ta C6, mai miƙe gwiwar hannu ta C7, masu dunƙule yatsu na C8, mai ware ƙaramin yatsa ta T1. A ƙafa, mai ɗago cinya ta L2 ce, mai miƙe gwiwa ta L3, mai ɗaga tafin ƙafa sama ta L4, mai ɗaga babban yatsa ta L5, mai taka ƙafa ƙasa ta S1.

Daga nan ake fitar da harafin ma'aunin ASIA, wanda ke nuna tsananin raunin laka. Harafin A na nufin babu ji kuma babu motsi a can ƙarshen laka, wajen dubura. B akwai ji, babu motsi. C akwai motsi ƙasa da raunin, amma fiye da rabin tsokokin ba su kai maki 3 ba. D aƙalla rabinsu sun kai 3 ko sun wuce. Duk wanda zai sayi na'ura bai riƙe wannan takardar ba, a makance zai saya. A sashen gashin ƙashi na manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na Shika da ke Zariya, ana iya neman a yi wannan gwajin a rubuta makin kowace tsoka, a ba majiyyaci kwafi ya riƙe.

Tambaya ta biyu ita ce aka fi mantawa da ita. Laka a jikin babba tana ƙarewa ne daidai ƙashin baya na L1 zuwa L2. Abin da ke ƙasa da nan tarin jijiyoyi ne kawai. Idan raunin ya sami waɗannan jijiyoyin, ko ya lalata ƙwayoyin da suke tasowa daga cikinsu, tsoka takan zama laƙwas, ta rame da sauri, ba zabura, ba sandarewa. Irin wannan tsokar ba ta amsa mai tsikari ta yau da kullum, ko an murɗa ta har ƙarshe. Wannan ba a ƙafa kaɗai yake faruwa ba. Mai rauni a wuya yakan sami wasu tsokokin hannu, waɗanda matakinsu ya yi daidai da inda laka ta murƙushe, su ma jijiyarsu ta mutu, alhali tsokokin ƙafarsa suna amsa wuta tsaf. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce ƙwararre ya gwada tsikarar tsokar ya gani. Sai dai kada a yi gwajin a kwanakin farko, domin jijiyar da ta yanke takan ci gaba da ɗaukar wuta na 'yan kwanaki kafin ta lalace, sai a yi zaton tana raye.

Yadda ake aiki da mai saurare

Amfanin mai saurare yana a wurin da ido da yatsa suka gaza. Tsokar da take maki 1, ko wadda aka rubuta wa 0 amma ana zargin akwai ɗan saƙo, ba ta ba mai ita labari. Ya yi ƙoƙari, bai ga komai ya motsa ba, sau da yawa kuma jin gaɓar ma ya tafi, don haka bai san wane yunƙurin ne ya yi daidai ba, wanne ne ya tafi a banza. Na'urar ce ke cike wannan giɓin. Tun a 1963 wani mai bincike, John Basmajian, ya nuna cewa mutum zai iya koyon sarrafa ƙwayar jijiya guda ɗaya tak da zaren tsokar da ke ƙarƙashinta, idan aka bar shi yana gani yana jin bugunta. Misalinta kamar mai murɗa rediyo ne yana neman tasha mai nisa: idan tashar tana watsa shiri, ko da can ƙasa-ƙasa, da haƙuri za a kamo ta, idan ta rufe, kowace irin rediyo aka kawo shuu kawai za a ji.

Zaman horo yana farawa daga fata. A aske gashi idan yana da yawa, a goge wurin da auduga da sifirit, a bari ya bushe. Man shafawa babban abokin gaba ne a nan, musamman da hunturu da kowa ke labta basilin. Ko ɗan kaɗan ya rage, saƙon zai dusashe. Ana manna faya-fayai biyu a kan tudun tsokar, a jere bisa tsawon zarenta, tazarar santimita 2 daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar ɗaya. Na uku ana ɗora shi a kan ƙashi, kamar tsinin gwiwar hannu ko idon sawu. A ɗaure wayoyin da filasta don kada su riƙa lilo.

Da farko a duba lambar da na'ura ke nunawa majiyyaci yana sake. Ya kamata ta tsaya ƙasa, 'yan maikirobolt kaɗan (ma'aunin 'yar wutar tsoka ke nan), galibi ƙasa da 5. Tsoka mai lafiya idan ta ɗame sosai tana kai ɗaruruwa. Mai rauni tana iya tsayawa a 8 ko 15, kuma wannan ma abin aiki ne. A sa shi ya yi iyakar ƙoƙarinsa sau uku, a ɗauki matsakaicin, sannan a kafa layin buri ƙasa da shi kaɗan, inda zai riƙa cin nasara a mafi yawan yunƙurinsa. Idan ya fara ƙetare layin ba wahala, a ɗaga shi kaɗan. Layin da aka kafa can sama yana kashe gwiwa, wanda aka bari can ƙasa kuma ba ya koyar da komai. Tsarin da aka saba shi ne ɗamewa na daƙiƙa 5, hutu na daƙiƙa 10 zuwa 15, sau goma, a huta minti biyu, a maimaita zagaye uku. Zama ɗaya minti 30 zuwa 45 ya isa, sau biyu ko uku a mako. Idan lambar ta faɗi sau uku a jere, tsokar ta gaji, a koma wata.

Zaman jiki yana da muhimmanci. Don horar da tsokar bayan dantse, mai miƙe gwiwar hannu, a ɗora hannun a kan tebur mai santsi daidai tsayin kafaɗa, a barbaɗa hoda, yadda ko ɗan ƙarfi ya zo hannun zai zame. Idan na'urar tana da layi biyu, a saka na biyun a kan ƙwanji, kishiyar tsokar. Da yawa daga masu rauni a wuya suna ɗame ƙwanji a duk lokacin da suka so miƙe hannu, ƙwanjin kuma ya fi ƙarfi, sai ya danne ɗan abin da ake nema. Aikin a nan biyu ne: layi ɗaya ya hau, ɗayan ya kwanta. A ganinmu wannan ne wurin da mai saurare ta fi kowace hanya amfani, domin babu yadda za a yi wa mutum bayanin wannan da baki ya gane kamar yadda zai gane idan ya gani da idonsa.

Kuma dole a yaye shi daga allon. Bayan 'yan zama, a riƙa rufe allon a wasu yunƙurin, a tambaye shi ko yana jin ya kai layin, sannan a nuna masa. Wanda ya saba da allo kaɗai, da an cire wayoyi abin da ya koya yake gudu.

Inda mai saurare ke yaudara

Na'urar ba ta san daga ina wuta ta zo ba, duk abin da ta ji nunawa take yi. Mafi yawan murnar ƙarya daga nan take fitowa.

Na farko shi ne leƙen maƙwabta. Tsokokin da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu a cunkushe suke. Faifan da aka manna don mai ɗaga wuyan hannu yana iya ɗauko wutar mai lanƙwasa gwiwa da ke gefenta. Majiyyaci ya yunƙura, layi ya hau, a yi kabbara, alhali tsokar da ake nema ba ta ce uffan ba. Maganinsa ƙananan faya-fayai, tazara kaɗan, da ɗora yatsa a kan jijiyar da ke haɗa tsokar da ƙashi a ji ko ta miƙe. Akwai kuma zabura. Tsokar da ke ƙasa da rauni tana iya harbawa da kanta saboda cikar mafitsara, ko taɓa tafin ƙafa, ko ma riƙe numfashi da nishi. Saƙon niyya yana da alamu uku: yana farawa idan an ce fara, yana tsayawa idan an ce tsaya, kuma mai shi yana iya yin rabinsa idan an ce yi rabi. Wanda ya rasa waɗannan zabura ce, kuma horar da ita ƙara sandarewa ne. A hana riƙe numfashi. A sa shi ya riƙa ƙirga da baki yana yunƙuri.

Sai hayaniyar lantarki. Wutar gida a ƙasashenmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan yana tsakiyar zangon da na'urar ke saurare. Caja a jikin kwamfuta, fanka kusa da gado, janareto a bayan taga, duk suna iya ɗaga lambar hutu zuwa 20 ko 30. A yi aiki da batir, a zare caja. Idan faifai yana kusa da ƙirji ko kafaɗar hagu, za a ga layi yana tsalle a kai a kai: bugun zuciya ne. Faifan da man jikinsa ya bushe saboda zafi, ko wanda aka yi ta maimaitawa, shi ma ƙarya yake yi.

Abu na ƙarshe ya fi duka dabara. Lambar yau ba ta kwatantuwa da ta makon jiya sai in an manna faifan a wuri ɗaya daidai. Gusawar santimita ɗaya tana sauya lamba. A auna da tef daga wani ƙashi a rubuta. Ko an yi hakan ma, hawan lamba ba shi ne ƙarin ƙarfi ba. Tsokar da ta gaji tana riƙe nauyi ɗaya takan nuna lamba mafi girma, domin tana kiran ƙarin zare su taya ta.

Me bincike ya nuna? Sunan da aka fi ji a wannan fagen shi ne Bernard Brucker na Jami'ar Miami a Amurka. A 1996 shi da abokiyar aikinsa sun ba da rahoton mutum 100 masu rauni a wuya, waɗanda raunin ya haura shekara, kuma wutar tsokar bayan dantsensu ta ƙaru bayan horo. Wannan ya nuna cewa ko a tsohon rauni akwai saƙon da ba a gama amfani da shi ba. Amma babu rukunin kwatance a binciken, kuma abin da aka auna lambar allo ce. Gwaje-gwajen da aka yi a farkon shekarun 1990, inda aka raba majiyyata rukuni-rukuni, wasu motsa jiki kaɗai, wasu motsa jiki da na'urar, sun ga kowa ya ci gaba, amma na'urar ba ta ƙara wani abu a fili ba. Wani gwajin na 1996 a kan kamun hannu, da ya gwada horon yau da kullum, da tsikari, da saurare, da haɗin biyun, shi ma bai ga wanda ya fi wani ba. Don haka mai saurare kayan koyarwa ce ga wasu tsokoki a wani mataki. Duk wanda ya tallata ta a matsayin mai haɗa laka, ya faɗi abin da ba a gani ba.

Mai tsikari: abin da take bayarwa da abin da take nema

Ita ba ruwanta da niyya. Muddin jijiyar da ke tsakanin laka da tsoka tana raye, za ta sa tsokar ta ɗame, ko da majiyyaci harafin A ne. Wannan ne ƙarfinta. Tana rage ramewar tsoka, tana taimaka wa gudun jini a ƙafa, tana sassauta sandarewa na 'yan sa'o'i a wasu, kuma tana iya yin aikin da jiki ya kasa: ɗaga tafin ƙafa lokacin taku, abin da aka fara gwadawa tun 1961 a kan masu shanyewar ɓarin jiki, ko dunƙule yatsu a kan kofi, ko juya fedar keke. A keken ana tsikarar gaban cinya da bayanta da ɗuwawu bi da bi, minti 30 zuwa 60, sau biyu ko uku a mako, kuma wannan yana daga cikin hanyoyi ƙalilan da ƙafafun da suka shanye za su sa zuciya da huhu aiki.

Saitin da aka saba farawa da shi: bugu 30 zuwa 35 a daƙiƙa, tsawon kowane bugu maikirosakan 200 zuwa 400 (maikirosakan ɗaya bisa miliyan ne na daƙiƙa). Faifai mai santimita 5 a 5 don hannu, mai 5 a 9 ko 10 don cinya. Ana hawa da ƙarfin wuta a hankali har a ga gaɓa ta motsa sumul. Damtsen hannu yakan amsa a 15 zuwa 40 mA (ma'aunin ƙarfin wutar), cinya tana neman fiye da haka sosai. A sa wutar ta riƙa hawa cikin daƙiƙa 2, domin shigar bazata tana tayar da zabura. A kunna daƙiƙa 5 zuwa 10, a huta ninki uku zuwa biyar na hakan. Hutun ba ado ba ne. Ƙwaƙwalwa tana karɓa-karɓa tsakanin zaren tsoka, na'ura kuwa waɗanda ta kama su take ta bugu gaba ɗaya ba sauyi, shi ya sa tsokar da ake tsikara take gajiya cikin mintoci. A fara da minti 10 zuwa 15, a ƙara a hankali.

Farashinta a haɗari ya fi na mai saurare nesa ba kusa ba, kuma a nan ne ake bukatar natsuwa. Fatar da ba ta ji ba za ta yi ƙorafin ƙuna ba. Faifan da gefensa ya ɗago yana tara dukan wutar a ɗan wurin da ya rage manne, ya ƙona. Bayan kowane zama a duba wurin: ja ko duhun da bai washe ba cikin kamar rabin sa'a alama ce ta a dakata. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka a taɓa a ji ko wurin ya yi zafi, ya kumbura, ko ya yi tauri. Ba a mannawa a kan gyambo ko kusa da shi.

Mai rauni a T6 ko sama da haka yana iya samun hauhawar jini ta farat ɗaya idan wani abu ya takura jiki ƙasa da raunin, kuma wutar tsikari tana cikin abubuwan da ke tayar da ita. Alamunta: ciwon kai mai sara, gumi da jan fuska, toshewar hanci, tashin tsigar jiki. Irin waɗannan majiyyatan lambar sama ta awon jininsu takan zauna a 90 zuwa 110, saboda haka hawan 20 zuwa 40 a kan abin da aka saba ya isa haɗari, ko da lambar ta yi kama da ta mai lafiya. A kashe na'ura nan take, a zaunar da shi a miƙe ƙafafu a ƙasa, a sassauta tufafi, a duba robar fitsari ko ta lanƙwashe, a riƙa auna jini bayan kowane minti biyu zuwa biyar. Idan bai sauka ba, asibiti. Gidan da babu ma'aunin hawan jini bai kamata a kunna wa irin wannan majiyyacin mai tsikari ba.

Ƙashi ma yana cikin lissafi. Ƙafafun da suka daina ɗaukar nauyi suna zubar da ƙarfin ƙashi da sauri a shekaru biyun farko, musamman ƙasan ƙashin cinya da saman ƙwauri, kusa da gwiwa. Tsikarar cinya da ƙarfi a kan ƙafar da aka danne ko aka rataya wa nauyi tana iya karya ta, mai ita bai ji ba. Wanda ya shekara biyu ko fiye a keken guragu, a fara duba ƙashinsa. Haka nan ba a tsikarar ƙafar da ake zargin jini ya daskare a jijiyarta, wato ta kumbura ita kaɗai ta yi ɗumi, ba a yi wa mai na'urar daidaita bugun zuciya ba tare da izinin likitansa ba, ba a sa wa cikin mai juna biyu, kuma ba a taɓa gaban wuya.

Shin tsikari yana dawo da ikon motsi? A nan shaidu sun rabu. A Toronto ta Kanada, ƙungiyar Milos Popovic ta ba da rahoto a 2011 cewa zama 40 na horon kamun hannu da tsikari ya fi ƙarin horon da babu shi ga masu sabon rauni a wuya wanda bai yanke gaba ɗaya ba. Wani gwaji mafi girma da aka yi a Ostireliya da New Zealand a kan mutum 70 bai ga wannan fifikon ba. Abin da aka fi amincewa da shi shi ne: tsikarin da ake yi majiyyaci yana kwance yana latsa waya ba ya koya wa ƙwaƙwalwa komai. Wanda ake sa rai da shi shi ne wanda mutum ya fara yunƙuri da kansa, a kan aiki na gaske, wutar ta zo ta ƙarasa masa. Kuma naman da tsikari ya gina yana komawa idan aka daina.

Ga tsokar da jijiyarta ta mutu akwai na'urori na daban masu dogon bugu, ninki ɗari ko fiye na wanda aka saba, da manyan faya-fayai. A Biyana ta Ostiriya aka fi zurfafa aikinsu. Suna iya riƙe naman cinya, amma aiki ne na kusan kullum tsawon shekaru, kuma ba sa dawo da tafiya.

A kula da ƙananan na'urorin TENS da suka cika kasuwa da shagunan intanet. An yi su ne don rage ciwo. Wasunsu suna iya sa tsoka ta yi rawa, amma ba su da saitin hawa da hutu yadda ya kamata.

Wa ya dace da wacce

Mai harafin A ko B a gadon baya, wanda ƙafafunsa maki 0 ne kuma suna zabura: mai saurare ba ta da abin saurare a ƙafafunsa. Ana iya gwada ta zama biyu ko uku a hannun ƙwararre don neman ɓoyayyen saƙo, domin masu bincike a Houston ta Amurka sun daɗe da nuna cewa da yawa daga waɗanda ake ce wa cikakken rauni suna da ɗan zaren da ya tsira. Amma samun ɗan saƙo daban, taka ƙafa daban. Idan burin kiyaye nama da lafiyar zuciya ne, mai tsikari ce tasa. Idan kuɗin ba zai kai komai ba, matashin zama mai kare gyambo, da keken guragu daidai jikinsa, da horon tashi daga gado zuwa keke sun riga kowace na'ura.

Mai rauni ƙasa da L1, ƙafa laƙwas: mai tsikari ta kasuwa asarar kuɗi ce a tsokokin da ba su amsa ba. Sai dai waɗannan jijiyoyin suna iya farfaɗowa a hankali cikin watanni, kuma da zarar ɗan wutsil ya bayyana, mai saurare ta sami aiki.

Mai harafin C ko D da tsokoki masu maki 1 da 2: nan ne na'urorin biyu suke haɗuwa. Akwai masu haɗe su a akwati ɗaya: tana saurare, da zarar majiyyaci ya ƙetare layin buri da ƙoƙarinsa sai ta saki wuta ta ƙarasa motsin. Ga wanda zai sayi guda ɗaya, kuma jijiyoyinsa suna amsa wuta, wannan ce ta fi cancanta, domin ba ta barin mutum ya zama ɗan kallo. A tuna kuma cewa mafi yawan farfaɗowa yana zuwa ne a watanni shidan farko, ya ci gaba a hankali zuwa shekara, kuma tsokar hannun da ta nuna maki 1 ko 2 a watan farko galibi tana kai 3 da kanta. Ba duk ci gaban da aka gani a wannan lokacin ba ne aikin na'ura.

Mai rauni a matakin C6 yana da wata ƙa'ida ta musamman. Kamunsa ya dogara ne da ɗaga wuyan hannu, wanda ke jawo yatsu su rufe da kansu. Kowace na'ura aka zaɓa, tsokar ɗaga wuyan hannu ce abin horo, kuma kada mai jinya ya riƙa miƙe masa yatsu alhali wuyan hannun yana ɗage, domin hakan yana saki jijiyoyin da ke jawo yatsun, kamun ya lalace.

Tsokar da ta kai maki 3 ta wuce mai saurare, sai dai don gyaran lokacin ɗamewa ko kwantar da kishiya. Abin da take bukata nauyi ne da ake ƙarawa a hankali, da maimaita aikin kansa sau ɗaruruwa: tashi daga kujera, taku, kai cokali baki.

Kowacce aka ɗauka, a ba ta wa'adi. Ranar farko a rubuta abu biyu ko uku da za a iya aunawa ba tare da allo ba: makin tsokar, daƙiƙa nawa yake ɗauka ya yi tafiyar mita 10, nauyin ruwan da zai iya ɗagawa a kofi, ko mutum nawa ke kama shi zuwa keke. Bayan mako shida zuwa takwas, mutumin da ya auna da farko ya sake aunawa, a lokaci ɗaya na yini, kafin a manna kowace waya. Idan lambar allo ce kaɗai ta hau, a ajiye na'urar a kan wannan tsokar, a mayar da lokacin ga wata tsoka ko wani aikin.